Ƙafafun Motar Labbo

Sunana Sabi'u, faci nake yi a bakin tashar Jega tun muna cikin jihar Sakkwato. Cikin duk motocin da na taɓa ba iska, babu wadda na yi wa hidima kamar Tsohuwa, motar Malam Labbo, kuma babu wadda hidimar ba ta yi wa amfani kamarta, don kuwa ba ta zuwa ko'ina.

Bas ce ta zamanin da, mai bodin katako da bencina a ciki. Ta yi jigilar mutane da albasa tsakanin Aliero da Jega har injinta ya gaji ya buga. Tun daga nan take tsaye a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashin bencinta, 'yan albasa na jingina mata buhuna. Amma duk jajibirin kasuwa sai Labbo ya zo ya tsaya a kaina ya ce in ɗauko famfo. Mu zagaya ta taya bayan taya, ina bugawa yana shurinta da ƙafa, har sai ya ce ya yi.

Ba hauka ba ne, ƙa'idar tasharmu ce. Motar da ta fi daɗewa a layi ita ke fara lodi ranar kasuwa. In ta lalace, mai ita yana da ikon ba wanda ya so lodinta, muddin tana tsaye a kan ƙafafunta huɗu. Ko tafiya ta yi ba ta rasa layi, tunda mai ƙafa na iya dawowa. Amma ranar da aka gan ta zaune a ƙasa ko a kan dutse, to ta mutu, sai na bayanta ya matso. Labbo kuwa ɗansa Jibrin yake ba lodin. Jibrin na da wata 'yar ƙaramar bas, kiya-kiya, da ya shigar layi ba da daɗewa ba, wadda in don ta kanta ne, ita ce ta ƙarshe. Lodin farko shi ne komai a layin Aliero: ka cika da sassafe, ka je ka dawo ka sake, na ƙarshe kuwa sai azahar yana rantse wa fasinja saura mutum ɗaya. Da wannan lodin gidan Labbo ke dafa tuwo.

Na bayan Tsohuwa a layi shi ne Alhaji Maccido, mai sababbin bas uku da tumbin da ya yi daidai da su. Shekara da shekaru ba ya kiranta da suna, sai dai ya ce akurkin Labbo. Ya kai ƙara gaban Sarkin Tasha Usmanu har ba adadi, Sarkin Tasha ya zo ya duba tayoyi, ya same su cike da iskata, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce.

Sai aka ba mu jiha. A waɗancan shekarun kowa na neman abin da zai nuna mu ma mun isa, sai wasu masu hannu da shuni a birni suka kafa kwamiti, suka ce za su buɗe gidan tarihin tsofaffin motocin haya, irin wanda ɗayansu ya gani a ƙasar waje. Muna da hanyoyin da mota ke nutsewa da damina, amma gidan ajiye matattun motoci shi ne ya fi gaggawa.

Wata safiya sai ga Alhaji Maccido da baƙi biyu masu manyan riguna daga kwamitin. Ya kai su gindin darbejiya, ya dafa Tsohuwa kamar mai dafa kafaɗar uwarsa. Da kunnena na ji shi yana cewa wannan motar ita ce tarihin Jega, ita ta buɗe wa albasar Aliero idon duniya, abin kunya ne a bar ta kaji na ɓata ta. Akurki ya zama tarihi a dare ɗaya. Labbo na zaune a bencinsa, ina ganin ƙirjinsa na kumbura a hankali kamar tubu a bakin famfo.

Da baƙin suka nemi a ba su motar, Jibrin ya roƙi ubansa har da durƙusawa kada ya yarda. Ni ma na sa baki, na ce masa mutumin da ya daɗe yana neman wurin nan ba zai tashi rana ɗaya ya so ta da alheri ba. Labbo ya dube mu kamar yara.

“Ku ba ku san ƙa'ida ba,” ya ce. “Motad da tat tahi tahiya ba ta rasa layi. Lodin birni za ta. Maccido shi ka ganin ya yi wayo, ni kau na ci suna na ci layi.”

Ya kira Sarkin Tasha ya maimaita maganar a gabansa. Sarkin Tasha ya ce haka ne, in dai tana kan ƙafafunta, ko Makka ta je layinta na nan. Maccido ya gyaɗa kai ya ce shi ma shaida ne. Saurin yardar nan tasa ita ta hana ni cin abincin rana.

Aka zo da babbar mota aka ja ta, har da makaɗa. Na ba ta iskar ban kwana, kaji suka watse suna tsinuwa. Abin da ya rage a gindin darbejiya tabon baƙin mai ne da ramuka huɗu inda tayoyi suka nutse. Labbo ya matso da bencinsa tsakiyarsu ya zauna yana gadi. Kasuwa ta yi ta zagayowa, Jibrin na fara lodi, Maccido na gaishe da Labbo da hannu biyu. Labbo ya riƙa tsokanata, wai ina sharrin da na hango. Har na fara jin kunyar zargin bawan Allah.

Bayan an sha ruwan damina aka ce an buɗe gidan. Maccido ya ce bai dace a ce manyan tasha ba su je sun ga ɗaukakar ɗan'uwansu ba, ya ba da sabuwar bas ɗinsa kyauta. Ya nace lallai sai da Sarkin Tasha da dattawan layin Aliero da na Maiyama, kowa da kowa. Ni ma an ce in zo, wai ni ne likitanta. Labbo ya sa babbar rigar da ya yi bikin Jibrin da ita, aka ba shi gidan gaba. Jibrin ya ƙi zuwa, ya ce shi yana da lodi.

Gidan tarihin wani dogon zaure ne mai rufin kwano, yana warin sabon fenti. Ƙofa ɗaya gare shi, ita ma sai da Maccido ya karkata ya shiga. Wani ma'aikaci mai ɗaure da wuya ya tarbe mu da sanda a hannu, ya gargaɗe mu kada mu taɓa komai. Mutanen da suka tsufa suna tura mota a laka, yau ga su hannu a baya kamar masu gaisuwar mutuwa.

Ya fara nuna mana wata motar wasiƙu, da wata baƙar mota da ya ce ta taɓa ɗaukar alƙali, da wata bas da na tabbata sa'arta na nan tana lodin Gumbin Kure har gobe, don ni na yi mata faci a makon. Sannan ya kai mu gaban wani hoto da aka yanko daga kalanda aka sa wa gilashi. Wai wani jirgin ƙasa ne ƙarami da ke bin tsakiyar titi a ƙasar Turawa, yana shan wuta ta waya a samansa. Ya ce da zarar hali ya samu za a kawo na gaske. Wani dattijo daga Maiyama ya tambaya in an ɗauke wuta wa ke turawa. Ma'aikacin ya ce mu ci gaba.

Tsohuwa na can ƙarshen zaure, ita kaɗai, an kewaye ta da igiya da tukwanen furanni. An shafe ta da fenti kore da fari har ba ka ganin tsagar katako. A samanta ga allo da sunan Labbo da hotonsa. Gaskiya ta yi kyau, har na ga idon Labbo ya kawo ruwa. Ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon allon, yana sa wani ya sake karanta masa.

Kowa sama yake kallo. Ni kuwa sana'ata ta saba mini da kallon ƙasa. Na leƙa ta tsakanin tukwanen furanni, sai na ga abin da ba na so kowa ya gani. Na matsa na tsaya daidai wurin na tare, ina addu'ar mu fita kafin wani ya sunkuya.

A nan ne carbin Alhaji Maccido ya faɗi. Carbin da ban taɓa ganin ya bar hannunsa ba, yau ya suɓuce ya faɗa cikin igiya, daidai ƙafar Sarkin Tasha. Maccido ya dafa ƙugu ya ce bayansa na ciwo. Sarkin Tasha ya sunkuya ya ɗauko, ya daɗe bai miƙe ba.

Babu taya ko ɗaya. An cire su duka, an gina ginshiƙai huɗu na siminti, an binne ƙarfen ƙafafunta a ciki.

Ma'aikacin ya ga muna leƙe, sai ya zo da fara'arsa ya yi mana bayani. Ya ce taya na ruɓewa, shi ya sa a ƙasashen da suka ci gaba ake ɗora mota a kan siminti, ta zauna har abada. Ya ƙara da cewa sai da aka shigo da motocin sannan aka tashi bango, don kada ɓarawo ya yi tunanin fita da su. Tayoyin kuwa an ba masu yanka takalma, ba a yi asararsu ba. Ya tsaya yana jiran mu yaba.

Labbo ya tsallake igiya. Ma'aikacin ya ɗaga sanda, wani dattijo ya riƙe masa hannu. Labbo ya durƙusa da babbar rigarsa ya shafa simintin, ya zagaya ya duba na baya, kamar ko an manta an bar mata guda. Sannan ya juya ya dubi ƙofar da muka shigo, ya daɗe yana aunata da ido.

“Labbo,” in ji Sarkin Tasha, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Ka gani da idonka, dattawa sun gani. Ni ba ni da ta cewa.”

“Tahiya ta yi,” Labbo ya ce.

“Ta iso,” in ji Sarkin Tasha.

Maccido ya karɓi carbinsa ya ce wallahi shi bai san haka za su yi mata ba, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya yi ta jan carbin da ɓacin rai har muka fita. A hanyar dawowa ya tsayar da mota ya saya wa kowa tsire, ya ce a ƙara wa Malam Labbo, shi ne angon tafiya. Labbo ya riƙe nasa a takarda har Jega bai buɗe ba. Na ji haushin Maccido, na ji haushin Labbo, amma tausayin Jibrin ya fi su duka, don shi ko hoton bai samu ba.

Ba a yi wani zama ba, ba a yi gardama ba. Ƙa'idar da ta ciyar da gidan Labbo shekaru ita ce ta juyo kansa, kuma shi da bakinsa ya sa aka maimaita ta a gaban shaidu. Jibrin ya ji labari tun kafin mu sauka. Ya shiga kiya-kiyarsa ya mai da ita can ƙarshen layi, kusa da masu sayar da itace.

Jajibirin kasuwa ina zaune ina liƙa wani tubu, sai na ga inuwa a kaina. Labbo ne. Ya ce in ɗauko famfo. Na buɗe baki zan yi magana, na ga fuskarsa, na ɗauko na bi shi.

A gindin darbejiya sabuwar bas ɗin Maccido ce tsaye, an cike ramukan da ƙasa, an jingine bencin Labbo a bayan itace. Ya tsaya yana kallonta kamar yanzu ya farka. Can ya matsa ya shuri tayar gaba da ƙafa, ya zagaya ya shuri sauran, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba.

“Iskanta ya cika,” ya ce. “Koma wurin aikinka, Sabi'u.”

Ya ɗauki bencinsa a kafaɗa ya nufi ƙarshen layi, inda Jibrin ke zaune a bakin mota. Da ya iso, Jibrin ya tashi ya karɓi bencin ya ajiye masa, ya koma cikin mota ya rufe ƙofa.