Zaren da Apa Syamaun Ya Saki

Da la'asar iska ta taso daga teku, ta ratsa gonakin shinkafar da aka girbe, sai ga geulayang ɗin Apa Syamaun, wato tsuntsun takarda da ake tayarwa da zare, ya ɗaga sama yana gurnani. Sati uku tsohon ya yi yana feƙe gora yana manna takarda kafin tsuntsun nan nasa ya tashi. Yau ce gasar geulayang ta shekara, dokarta ɗaya ce, wanda nasa ya tsaya cak a saman kansa shi ya ci.

Da ƙyar aka yarda a yi ta bana. Liman Teungku Ilyas ya ce wasa ba haram ba ne, caca ce ta ɓata shi. In aka kama mutum ɗaya yana karɓar kuɗin caca, an binne gasar ke nan har abada, shi kuma ya sha bulala a ƙofar masallaci.

*

Nasa ya kusa daidaita, daɗi ya cika shi, sai Syamaun ya hango Bukhari mijin 'yarsa da wani baƙo sun cusa hannuwa ƙarƙashin mayafi ɗaya suna matsa yatsu. Ya san irin wannan musabahar, caca ake ƙullawa a ɓoye a kan geulayang ɗinsa, shi ma ya yi irinta da ƙuruciya. Ya kuma san surukinsa, cikinsa ba ya riƙe murna. In Bukhari ya ci, a nan gaban liman zai miƙa hannu ya karɓi kuɗinsa.

Amma tun zamanin kakanni, in geulayang ya ƙwace daga hannun mai shi, cacar da aka ɗora masa ta mutu.

Syamaun ya buɗe tafinsa, zaren ya sulale.

*

Wani ya ci akuyar da aka sa a gasar, aka dafa ta a babbar tukunya kowa ya sa hannu.

"Tsoho, yau zare ma ya fi ƙarfinka?" in ji matarsa Nurbaiti tana ƙara masa romo.

"Ke dai zuba da tsoka."

Liman ya yaba da tsabtar taron, ya ce baɗi ma a yi. Syamaun ya ci har ya sassauta zani, ransa fes.

A hanyar gida ya ga geulayang ɗinsa maƙale a kan bishiyar kwakwa. Bukhari da baƙon suna gindinta suna musun kwana nawa zai yi kafin ya faɗo, hannuwansu ƙarƙashin mayafin.