Kwalbar da Ta Yi Wata Bakwai

Wata bakwai kwalbar Kabula ta yi a birni. Ranar da sakamakon ya iso asibitinmu, ko abincin da ke gabana ban ƙarasa ba na haye babur.

Kabula zabiya ce mai farar fata da ba ta jure rana, manomiyar auduga a wani ƙauye bayan Shinyanga. Ni na riƙe mata kai lokacin da likita ya yanki ɗan nama daga ƙullutun da ya fito mata a bayan kunne, na jefa a kwalba. Likita ya duba ƙullutun ya girgiza kai, ita kuwa ta gani. A daidai wurin nan ciwon dajin da ya kashe wanta Masanja ya fara.

Takardar ta ce ba daji ba ne. Wani tsiro ne daga saiwar gashi, ba kasafai ake ganinsa ba, kamarsu ɗaya da daji har sai da masu gwaji biyu suka yi gardama a kansa. A cire shi, shi ke nan.

Na same ta a tsakiyar gona, rana tsaka, kai ba hula.

"Maman Limi! Kin haukace ne? Ina hularki? Ina man kare rana?"

"A'a, Nas Nkwimba! Ta'aziyya kika zo tun ina da rai?" Ta yi dariya. "Hula na kan Limi, tana makaranta. Ita ma ai fatarmu ɗaya, hularta kuma ta yage. Man ma na bar mata. Gawa me za ta yi da mai?"

"Ba daji ba ne! Kin ji ni? Ba shi ba ne!"

Ta ajiye buhun audugarta a hankali.

"Yaushe kuka sani?"

"Yau da safe."

"Shuka, noma, tsinka, duk a rana na yi su. Cewa na yi in tara wa yarinya abin da zan iya kafin in tafi."

Ta matso, sai na ga leɓenta na ƙasa. Gyambo ne, bakinsa ya yi tauri, yana tsatsar jini. Shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki, na san kamar daji.

"Wannan fa?"

"Wata biyu ke nan. Ya ƙi warkewa."

Ta ƙura mini ido yadda ta ƙura wa likita. Na yi iyakar ƙoƙarina kar kaina ya motsa.

"Ciro kwalbar taki," in ji ta. "Amma wannan karon kar ki wahalar da babur."