Milimita Tara

Sallau ya ɗaga kwalbar awon ruwa sama, ya kanne ido ɗaya, ya duba layin: milimita tara. Duk hargagin da hadarin jiya da la'asar ya yi, duk tsawar da ta firgita awaki, har da kwanon masallaci da iska ta kwashe, abin da ya sauka ke nan. An yi ta aradu, an haifi ɓera.

Shekara shida ke nan da mutanen meteyo, wato ma'aikatar hasashen yanayi, suka kafa masa ƙarfen awon ruwa a ƙofar gida, a ƙauyensu na gefen Bana. Shi ke auna ruwa ya aika, su kuma su turo masa hasashen mako ta waya, ya je wata ƙaramar radiyo a Gaya ya karanta da Hausa. Bara ya ce ruwa zai ɗore, aka shuka, fari ya ƙone iri. Bara waccan ya ce a dakata, ruwa ya yi ta zuba kamar da gayya. Tun daga nan garin ya gano amfanin Sallau: in ya ce gabas, a yi yamma.

Matarsa Aisata ta leƙo daga zaure. "Malam, a fito da irin?"

Tiya uku ce ta gero a ƙasan rumbu, ita kaɗai ta tsira daga tukunya a bazarar nan. In ta ƙone a ƙasa, babu wata.

"Dakata saƙo ya shigo tukuna."

"To, zan kunna radiyo. Bakinka na gida na wasa ne, na radiyo shi ne na aiki."

Ya yi dariya, ya jefa wayar gidan guda ɗaya a aljihu, ya fita neman kabu-kabu.

A bakin hanya ya tarar da taubashinsa Mustafa da magidanta kusan goma, kowa da sungumi a kafaɗa. Mustafa ya tona ƙasa da hannu, ya nuna masa laimar da ba ta wuce gaɓar yatsa biyu ba.

"Malam Milimita, barka da fitowa. Kai muke jira. Don Allah ka je ka ce kada a shuka, hankalinmu ya kwanta mu tafi gona."

"Ƙasar nan ba ta sha ba, Mustafa. Sai ruwa ya kai ashirin."

"Ai ka ji. Kwalba ta yi magana, ƙasa ta yi shiru. Kakanninmu da suka noma gero ba kwalba, ashe duwatsu suka ci."

Aka kwashe da dariya. Abin ya yi wa Sallau ciwo, ya haɗiye.

Ya samu kabu-kabu ya hau. Suna shiga Gaya, a bayan jerin manyan motoci masu jiran ƙetare gada zuwa Malanbil, wayar ta yi ƙara. Ya karanta sau biyu. Hadari da tsawa da iska a farkon mako, amma ruwa kaɗan ne. Daga nan kwana goma zuwa sha biyu ba ɗigo. Duk wanda ya shuka yau, geronsa zai tsiro ya ga duniya, rana ta gasa shi.

A ɗakin radiyo ya zauna gaban makirfo yana gumi. In ya faɗi gaskiya, kafin azahar duk irin garin yana cikin ƙasa. Ya tuna fuskar Mustafa. Ya ninke takardar da ya kwafi saƙon, ya gyara murya.

"Jama'ar Bana da kewaye, albishirinku. Damina ta sauka. Ruwa zai ɗore duk mako. Kowa ya ɗauki sungumi ya shuka, kada a bar ko ƙwara ɗaya."

Bai taɓa karanta hasashe da daɗin murya irin na ranar ba.

Da ya dawo bayan azahar, ga sungumai a jingine jikin bishiyar bedi, ga masu su a miƙe a inuwa ana shan shayi. Ko mutum ɗaya bai je gona ba.

"Allah ya saka maka, taubashi," in ji Mustafa. "Saura kaɗan mu yi asara. Muna jin ka ce a shuka, kowa ya mai da irinsa rumbu."

Sallau ya sunkuyar da kai kamar wanda aka ci wa fuska, amma zuciyarsa fari fat. Shekara shida yana faɗin abin da aka turo masa bai tsirar da ko zangarniya ba, yau da ƙarya guda ya ceci gari.

Ya shiga gida yana murmushi. Radiyo na kan turmi tana ta surutu ita kaɗai. Murfin rumbu a buɗe. Ƙwaryar iri ba ta nan.

Bai san lokacin da ya kai gona ba. Daga nesa ya hango ta, ita kaɗai a duk faɗin karkarar, tana jefa iri tana rufewa da dunduniya. Ta sara da kanta, ta shuka da kanta, tana kan layin ƙarshe. Ta ɗago, ƙafafunta duk ƙura, ta kife ƙwaryar ta nuna masa babu saura.

"Kowa ya zauna yana yi maka dariya, Malam. Na ce ni dai zan fito, su gani in mijina maƙaryaci ne."

Sallau ya karɓi sungumin daga hannunta, ya ce, "Sannu da aiki, Aisata."

Sannan ya ɗaga kai. Sama tas, ko gajimare babu. Ya tsaya a nan yana roƙon Allah, karo na farko tun da aka kafa masa ƙarfen nan, ya sa mutanen meteyo su yi abin da suka saba.