Talatu Biyu, Fayil Ɗaya

Tikitin yana can ƙasan jerin, mai lamba 214, kwanansa tara. Khairunnisa ba ta kai gare shi ba sai ranar Laraba da hantsi, bayan ta gama da na sama.

Wata huɗu ke nan da ɗaukar ta aikin kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, a wani asibitin kuɗi mai babban gida a Daura da reshe a Dutsi. Ita ta kawo tsarin tikiti. Duk wanda ya ga matsala a manhajar asibitin sai ya rubuta, ya zaɓa mata mataki: ƙarami, matsakaici, ko gaggawa. Na gaggawa yakan fito da ja, ya shiga wayar kowa, har likita mai asibitin. Ƙarami kuwa sai ya bi layi.

Zakiyyu ne ya rubuta wannan, mai gwajin jini a reshen Dutsi. Ya sa masa ƙarami.

"Assalamu alaikum. Da fatan Malam yana lafiya, da iyali. Ya ƙoƙari? Allah ya saka da alheri. Dama wata 'yar matsala ce, idan Malam ya samu sarari. Na ga kamar wani lokaci fayil ɗin mutum biyu yakan koma ɗaya. Misali Talatu Muhammad. Wataƙila ni ne ban gane ba. A yi haƙuri da damuwa."

A ƙasa akwai amsar Malam Audi, layi ɗaya: "Na gani. In sha Allahu."

Malam Audi shi ya rubuta manhajar tun shekara goma da suka wuce, kuma kusan duk wanda ya iya kwamfuta a asibitin a hannunsa ya koya. Watan jiya ya ƙara wani ɗan shiri mai haɗe fayiloli. Idan suna ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya, shirin ya ɗauka mutum guda aka rubuta sau biyu, sai ya mayar da su fayil guda.

Khairunnisa ta buɗe log, wato littafin da saba ke rubuta duk abin da aka yi da lokacin da aka yi shi. Ta nemo sunan. Talatu Muhammad biyu ne, duk an haife su ɗaya ga Janairu, 1996. Haka magatakarda ke rubuta wa duk wanda ya zo daga ƙauye bai san ranar haihuwarsa ba. Jinin ɗaya B ne. Na ɗayar O. Fayil ɗin da ya rage yana cewa B.

Ta gangara zuwa layukan yau, don kawai ta ga yaushe aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe.

Ƙarfe 11:19, an buɗe shi daga ɗakin haihuwa na Dutsi. Ƙarfe 11:31, an nemi jini leda ɗaya, zubar jini bayan haihuwa.

Agogon kwamfutarta ya nuna 11:38.

Ta san dokar ɗakin gwaji. Idan abu na gaggawa ne kuma fayil ya riga ya nuna rukunin jini, sai a buga sitika daga manhaja a manna wa leda a miƙa. Sai in saba ba ta aiki ake komawa gwaji da hannu. Idan Talatun da ke kwance mai B ce, ba komai. Idan mai O ce, ledar B za ta iya kashe ta. Ba abin da ke cikin log ɗin da zai nuna wacce ce.

Ta kira Zakiyyu. A kashe. Ta kira wayar reshen, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta kira Sista Nkechinyere, nas mai kula da ɗakin haihuwa, ko da ta san nas-nas a durowa suke barin waya in za su shiga. Ba a ɗauka ba. Jadawalin aiki ya nuna Zakiyyu yana hutu, Ikrima ne a ɗakin gwaji, sabon ɗauka, lambarsa ma ba ta cikin jerin.

Gyara fayil ɗin ba a hannunta yake ba. Kalmar sirrin rumbun bayanai tana wurin Malam Audi shi kaɗai, shi kuma ya fita tun ɗazu. Abin da ke hannunta saba ce.

Ta rubuta umarnin, ta danna. Saba ta tsaya.

Ba a yi minti ɗaya ba hayaniya ta taso daga wajen karɓar kati. Wani ya leƙo yana cewa allo ya yi fari, ba abin da ke kai sai lambar kuskure 503.

"Ni na tsayar," ta ce, ba ta juyo ba. "Ku koma takarda."

Ta dawo kan log, layi na ƙarshe kafin tsayawar. Dutsi, ɗakin gwaji, buga sitika, 11:40 da daƙiƙa bakwai. A ƙarshen layin akwai 200, lambar da saba ke bayarwa idan aiki ya tafi daidai.

Sitika ta riga ta fita.

Malam Audi ya shigo da ƙullin goro a hannu, hularsa a karkace.

"Injiniya, me ya samu saba? Mutane sun fi arba'in a layi."

"Ni na tsayar, Malam."

"Ke? Da izinin wa? A can inda kika yi karatu haka ake yi?"

Ta juya masa allon. Ta nuna layi uku da yatsa. Ya sunkuyo ya karanta, ya ciro tabarau ya sake karantawa. Ya ajiye goron a kan tebur.

"Wacce ce a gadon?"

"Ban sani ba."

"Kin kira Dutsi?"

"Ba mai ɗauka."

Ya ciro wayarsa ya kira direban asibitin, sannan ya katse da kansa. Dutsi ta fi rabin awa. Daga ɗakin gwaji zuwa ɗakin haihuwa taku talatin ne.

Wayarta ta yi ƙara, lambar Nijar. Ta sa a lasifika don hannunta ya ci gaba da neman lambobi.

"Anti Injiniya, Zakiyyu ne. Yanzu na kunna waya na ga saƙon kira, sai sabis ya gudu. Muna Kongolam bakin iyaka wurin suna, wayar wani na ara. Lafiya?"

"Talatu Muhammad tana ɗakin haihuwa. An buga mata sitikar B."

Kiɗan da ke bayansa ya yi nisa, alamar ya fita da gudu daga taron.

"Innalillahi. Wacce daga ciki?"

"Kai zan tambaya."

"Dukansu suna da ciki, Anti. Ni in ina nan da hannu nake gwadawa, ba na bin kwamfutar. Ban gaya wa Ikrima ba. Na ɗauka kafin hutuna an gyara."

"Me ya sa ka sa masa ƙarami?"

"Haba Anti. Aikin Malam ne fa. Shi ya koya mini kunna kwamfuta, shi ya karɓa mini aure. In sa ja ya tafi wayar Dakta, kowa ya gani, a ce ni na tona masa asiri? Da wane ido zan gaishe shi a masallaci?"

Malam Audi yana tsaye, hannunsa ɗaya a kan kujera. Yana jin komai.

"Bar wannan," Khairunnisa ta ce. "Wa ke kusa da asibitin mai ɗaukar waya?"

"Oga Callistus. Mijin Sista. Shagonsa na kayan babur yana tsallaken titi, shi ko barci yake yana ɗauka. Rubuta."

Ta rubuta a bayan hannunta, ta kira, ta sa a lasifika. 11:46.

Ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Callistus ne. Wane kaya ake nema?"

"Oga, daga asibitin Daura ne. Ka tsallaka yanzu ka shiga ɗakin haihuwa. Ka ce wa Sista kada ta sa wa Talatu jini. In ta sa, ta rufe."

"Ɗakin haihuwa? Ni? Hajiya, kina so Madam ta kashe ni? Shekara ashirin ban taɓa wuce baranda ba."

"Matar za ta mutu. Yi gudu. Kada ka kashe wayar."

Ta ji ƙarfe ya faɗi, ta ji takalmi a kan kwalta, hon ɗin mota, wani yana zagi. Sai numfashinsa. Sai muryar maigadi: "Oga, ina zuwa haka?" Sai ƙofa ta bugu da bango.

"Mama Somto! Mama Somto!" Callistus ke ƙwala wa matarsa kira.

Mata suka ɗauki salati. Wata tsohuwa tana cewa, "Namiji! A fitar da shi!" Muryar Sista ta fito a sama da ta kowa, da Ibo, da faɗa. Callistus bai ba ta amsa da Ibo ba. Da Hausa ya yi ihu, yadda duk ɗakin zai ji.

"Rufe jinin! Daura suka ce rufe jinin!"

Sai wayar ta yi shiru, ba a katse ba, amma ba a jin komai sai kukan jariri daga nesa.

Khairunnisa ta kalli agogo. 11:48.

"Wa ke magana?" Sista Nkechinyere ce, numfashinta sama-sama.

"Khairunnisa, ta ɗakin kwamfuta. Kin sa?"

"Na sa. Na rufe yanzu. Ko minti uku bai yi ba, a hankali na fara. Me ya faru?"

"Fayil ɗinta ya haɗu da na wata. Ban san rukuninta ba. A gwada da hannu."

"Jesus. Riƙe." Ta juya ga wani. "Cire wannan layin gaba ɗaya, sa mata ruwa a ɗaya hannun. Ikrima! Zo ka ɗebi jininta ka gwada a gabana. A'a, ba kwamfuta ba, da hannunka. Kai kuma Papa Somto, fita. Bar mini wayar, ka fita."

Aka ajiye wayar a kan wani abu mai ƙarfe. Daga nan sai sautuka kawai: tire, famfo, Sista tana kiran sunan Talatu, tana tambayarta ko tana jin ciwo a baya, ko sanyi. Ba a jin amsar.

Likita mai asibitin ya kira wayar Malam Audi. Malam ya dubi sunan, ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe. E, a tsaye take. A'a, ba za a kunna ba tukuna." Ya saurara. "Ba laifinta ba ne. Shirina ne. Zan zo in yi bayani."

Ya kashe. Ya jawo kujerar ya zauna a gefenta.

"Fayil nawa ya haɗe?"

Ta sa kwamfuta ta ƙirga layukan. "Sittin da uku."

"Bakof ɗin kafin ranar yana nan?"

"Yana nan. Kwafin bayanan kowane dare ina ajiyewa."

Ya gyaɗa kai. Ya jawo takarda, ya rubuta wani abu da ƙananan baƙaƙe, ya tura mata. Kalmar sirrin rumbun bayanai ce. Ba ta taɓa takardar ba. Idonta yana kan wayar.

Minti huɗu. Biyar. A waje wani yana faɗa da magatakarda a kan kati. Fankar sama tana ƙara duk zagaye.

"Kina nan?" in ji Sista.

"Ina nan."

"O ce."

Malam Audi ya rufe fuska da tafin hannu.

"Nawa ya shiga?" Khairunnisa ta tambaya.

"Kaɗan. Bai kai cokali biyu ba, yawancin yana cikin roba. Tana ɗan rawar sanyi. Awon jininta yana ƙasa, amma dama a ƙasa yake. Na sa mata robar fitsari ina kallon launinsa. In ya yi ja, mun shiga uku."

"Akwai O?"

"Leda ɗaya a firij. Ikrima yana haɗa shi da nata ya gani kafin in sa. Wannan karon ko Dakta ne ya zo da sitika ba zan karɓa ba. Ki ce ya kira ni a tawa wayar, wannan ki bar ta a buɗe, mijina ya yi haƙuri da cinikin yau."

Khairunnisa ta tura wa likita saƙon. Ba ta katse ba, Sista ma ba ta katse ba. Malam Audi ya buɗe kwamfutarsa, ya nemo shirin haɗe fayilolin, ya kashe shi, ya tsaya yana kallon allon. Aka kira azahar a masallacin bayan asibiti. Bai tashi ba.

Sai kusan ɗaya da rabi muryar ta dawo kusa da wayar.

"Fitsari fari ne. Rawar ta tsaya. Na sa mata O ɗin, rabin awa ke nan, ba wata alama. Awo yana hawa."

"Ta farfaɗo?"

"Ta farfaɗo har tana yi mini faɗa. Wai wane ƙato ne ya faɗo mata ɗaki tana kwance ba zane, sai ta gaya wa mijinta." Sista ta ja dogon numfashi. "Zan kwana da ita in gani. Amma ta tsallake."

"To," in ji Khairunnisa.

Ta kashe wayar, ta ajiye ta a kife. Malam Audi ya miƙe a hankali ya fita yin alwala.