Mutanen da Ba Su Iya Iyo Ba

Kun ji an buga ƙararrawar coci saboda Absalom Tibbo, kun cire huluna, sannan kun koma shanya kifinku. Babu wanda ya tambayi yadda aka yi. To ga yadda aka yi.

Ranar ko iskar da za ta motsa ƙyallen babban jirgi babu. Teku ta kwanta luf. Aka sauke kwale-kwale, mutum bibbiyu, kowa ya nufi mamarinsa. Hedley yana tare da wansa Absalom, kamar kowace shekara tun da gemu ya fito masa.

"Ja mana, ragon banza," in ji Absalom. "Ko amarya ce ta shanye maka ƙarfi?"

"Yaya, ka ji da tumbinka. Rabin nauyin kwale-kwalen nan kai ne."

Absalom na cikin dariya wani ƙaton kifi ya fizgi igiyar. Ya sunkuya ya taro shi, ƙafarsa ta zame a kan santsin kifi, sai ga shi cikin ruwa.

Ba nisa ya faɗa ba. Hedley ya miƙa masa filafili, saura kamar kamu biyu ya kai. Kamu biyu! Kare ma zai iya ninƙaya ya cike su. Amma Absalom, wanda ke sanin hadari tun daga launin ruwa, wanda ya fi kwana a kan teku fiye da gadonsa, bai taɓa shiga cikinta da gangan ba. Haka ubansu ya koya musu, haka kowane tsoho a garinmu na Fortune ke faɗa: iyo tsawaita wahala ne kawai, in teku ta kira ka ka tafi da mutuncinka.

Hedley ya juya yana neman ɗaya filafilin don ya tuƙa ya matsa kusa, amma igiyar mamari ta riƙe kwale-kwalen. Ya ɗora ƙafa a baki zai yi tsalle.

"Kar ka soma!" Absalom ya ce, ruwa na shiga bakinsa. "Wa zai riƙe Inna?"

Manyan takalman Absalom suka cika da ruwa. Hedley yana kallon farar hularsa ta ulu tana ƙanƙancewa a ƙasa, don ruwan garau yake.

Da ya koma jirgi shi kaɗai, kyaftin ya dafa kafaɗarsa. "Ta karɓi rabonta, ɗana. Ba a jayayya da ita." Kuku ya sauke kofin Absalom daga ƙusa. Da la'asar aka haɗa Hedley da wani, suka koma jan mamarin, don akwai kifi a jiki.

Rabonta? Wa ya yanka mata rabo in ba mu ba? Mun mai da tsoro ladabi, muna gadar wa 'ya'yanmu. Ga tafki nan bayan coci, ruwansa na ɗumi a watan Agusta. Bana, kafin ka sa ɗanka a jirgi, kai shi can, ka shiga tare da shi, ku koya.