Kakan da Ya Rasa Wuri a Ƙyalle

A ƙungiyarmu ta jikokin mayaƙan 'yanci, nan Virginia, duk kakan da mace ta tabbatar da takarda yana da ɗan bajinsa na zinariya mai ɗauke da sunansa. Ana jera su a zirin ƙyalle, a maƙala a kafaɗar hagu. Doka ta ce kada ƙyallen ya wuce inci goma sha biyu, kuma Misis Pruett, shugabarmu, da rula take tsayawa a ƙofar liyafar shekara.

Ana jibi liyafa Yaya Ottilie, 'yar wan babana, ta kira ni gidanta. Ta tono kaka na tara, ƙyalle kuwa takwas yake ɗauka. Dole ɗaya ya sauka. Ta baje bajojin a tebur kamar mai tsintar shinkafa, ta ce ni da na shekara talatin ina koyar da tarihi in zaɓa mata, ko da yake ita tana ganin bajin kakanmu Jethro, mai keken shanu, shi ya kamata ya koma akwati.

Na tuna mata Jethro ya yi ta kai gishiri sansani cikin ƙanƙara har yatsunsa biyu suka guntule. Kanar Thackston kuwa, mai hoto a falonta, na karance wasiƙunsa kaf: gudawa ta kama shi tun a hanya, a gadon gwaggonsa ya yi yaƙinsa.

"Cordelia, bakin nan naki. Kanar ne fa."

"Kanar ɗin bayan gida ba, Yaya."

Ta shiga juya cokali a shayi. Cire Jethro yanzu da kunya. In kuma aka nemi Kanar aka rasa, kafin a yanka kek gari ya ɗauka. Na ce ta ninke ƙyallen ta ciki. Ta ce Pruett har ciki take leƙawa.

Can sai ta zuba wa kafaɗata ido. Nawa ƙyallen baji biyu ne rak, saura fili fetal.

"Ai Kanar ke ma kakanki ne. Sai ki goya shi."

Na ƙi, na kawo hujja, na kawo shekara da wata. Ita dai fil kawai take nema a gwangwani.

Haka na shiga liyafa da Kanar a kafaɗa. Misis Pruett ta auna ƙyallen Yaya, goma sha biyu cif. Ni kuwa ta riƙe hannuna, idonta har da ƙwalla, ta ce ta san wata rana zan gane darajar jarumin gidanmu. Kafin in buɗe baki Yaya ta take min ƙafa, ta ja ni teburinmu.