Ofishin da ke Cikin Sito

Marubuci ya rataya jakarsa, ya ɗaga murya ya yi wa maƙwabta sallama yadda kowa zai shaida ya tafi aiki. Sai ya zaga ta bayan layi, ya lallaɓo ta ƙofar baya kamar ɓarawo, ya shige sito ya danna sakata. Ofishin ke nan: tebur mai gurguwar ƙafa, tsohuwar fanka, buhunan kayan da suka yi wa yara kaɗan, da keken ɗinkin da ya daɗe da mutuwa.

Ba banza ya ƙirƙiro wannan dabara ba. Ya jima yana rubuta wa shafukan intanet daga gida, amma a wajen dangi da maƙwabta, duk namijin da hantsi ya same shi a gida zaman kashe wando yake yi. Shi ne mai jiran mai gyaran famfon maƙwabta, shi ake bar wa makulli da jarirai. Aiki ya yi ta makara, har jiya editar shafin ta gaya masa ba kwana-kwana: in huɗu ta buga yau bai turo ba, za ta ba wani filinsa. Batun da ta ba shi kuwa, don tsabar wulaƙanci, shi ne shawarwari ga masu rubutu daga gida.

Ya rubuta: "Ka ware wa kanka wuri mai iska da haske." Ya share gumi. "Ka fito fili ka gaya wa danginka kana aiki, kada ka ji nauyin kowa."

Bai rufe layin ba ya ji sallama a tsakar gida. Muryar Kawu ce, yayan mahaifiyarsa, wanda in ya zo gaisuwa sai rana ta gaji ta bar shi.

"Sannunku da zuwa, Kawu," in ji matar Marubuci. "Ai kuwa ya tafi ofis."

"Labarin da ya kawo ni ke nan. Ashe yaron nan ya zama mutum! Zan jira shi."

Ita kaɗai ta san sirrin, kuma tun da maigidan ya fara zuwa wannan ofis nasa, duk aiken unguwa a kanta ya dawo. Haushi na cinta. Ta ɗauko kujera, duk faɗin gidan ba ta ga inuwa ba sai ta bakin ƙofar sito. Kawu ya zauna, ya jingina ƙeyarsa da ƙofar.

Marubuci ya koma danna haruffa ɗaya-ɗaya, da ɗan yatsa guda. Tari ya taso masa ya haɗiye. Sai wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya.

"Wallahi a da kunya yake ba mu," in ji Kawu. "Ƙato da gemu, ya zauna a ɗaki kamar kaza a kan ƙwai. A tambaye ni me yake yi, in ce yana rubutu. A ce rubutun me? Sai in hau tari."

"Haka ne, Kawu."

"Ke ma kin yi haƙuri. Ofishin da nisa?"

"Ina fa nisa! Da za ku yi magana da ƙarfi ma sai ya ji."

Maganar ta yi wa Marubuci zafi ƙwarai, don da rubutun nan yake ciyar da gidan, da shi ya saya wa Kawu tabarau. Ya cije, ya rubuta: "Ka riƙa tashi kana miƙe ƙafa, ka sha ruwa da yawa." Wannan shawara ta ƙarshe ya yi nadamar binta tun da safe, don fitsari ya matse shi har idonsa ya kawo ruwa.

Huɗu saura kaɗan ya sa aya. Nan fa ake yinta. Sabis ba ya shiga sito. Kullum sai ya tsaya a tsakar gida, kusa da igiyar shanya, ya ɗaga waya sama, sannan saƙo ke tafiya. Ya ɗora wayar a kan buhu, ya manna ta da taga, ya hau keken ɗinki da ita. Ko gezau. Ya aika wa matarsa saƙo ta ja Kawu falo, shi ma saƙon ya maƙale.

Ya dubi agogo, ya dubi ƙofa. Ya zare sakata.

Saura ƙiris Kawu ya faɗo ciki. Marubuci ya fito sharkaf da gumi, yanar gizo-gizo a ka, kwamfuta a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ya ratsa ta gaban tsohon ba ko gaisuwa, ya tsaya tsakanin kayan shanya, ya ɗaga wayar sama. Saƙo ya tafi. Ya tsira da filinsa.

Sai a lokacin ya juyo ya durƙusa. "Barka da yamma, Kawu. Aiki nake yi. Tun safe aiki nake yi a ciki."

Kawu ya leƙa sito, ya ga buhuna da mataccen keke. Ya gyara tabarau ya dube shi daga sama har ƙasa. Matar ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

"Ashe ƙarya aka yi mini," in ji Kawu. "To, Allah ya kyauta. Da ma gobe ina da ganin likita, ina ta tunanin wa zai kama mini layi da sassafe. Da na ce ba zan hana ka zuwa ofis ba."

Marubuci ya ajiye kwamfutar a ƙasa, ya dubi Kawu.

"Wane asibitin, Kawu?"